Allahn Kaka Ba Ya Ba da Dalili

Na san ba za ku yarda ba. Duk wanda ya san ni a kasuwar kifi ta Haɗeja zai gaya muku idan na ce ruwa ya kai wuya, to a idon sawu yake. Na ji, na karɓa. Amma wannan karon ku hau mota ku je ƙauyenmu, can ta hanyar Kirikasamma, ku tambayi ko akuya. Ranar da aka binne Kaka babu hayaƙin banda ko ɗaya da ya tashi a garin. Matan da ke ƙyafe kifi duk suka kashe wuta suka taho, masunta suka jingine gorunansu na kamun kifi a bakin ruwa. Mu masu zuwa coci a garin ba mu da yawa, idan mutum ɗaya ya yi mura ranar Lahadi sai ka ji waƙa ta rage. Amma taron da ya zo sai da aka bi gida-gida ana aron tabarmi. Liman da kansa ya zo ya zauna gindin tsamiyar ƙofar gida, ya yi wa kawuna gaisuwa, ya daɗe bai tashi ba. Matan zumunta na coci suna ciki suna waƙa suna buga tulu, maƙwabtanmu Musulmi suna waje suna share hawaye da bakin mayafi. Akwai wata tsohuwa, ƙawar Kaka tun suna 'yan mata, aka rasa mai rarrashinta. Da wani ya fara raɗa yana cewa ko ina Kaka za ta sauka tunda ba hanyarsu ɗaya ba, sai tsohuwar ta ce masa ya rufe mata baki, wanda ya yi ta ya fi shi sanin ta.

Ba wannan ba ne abin da ba za ku yarda da shi ba. Ga shi nan: duk wannan taron, ni babu wanda ya yi wa gaisuwar kirki.

Na sa farar riga, na zauna daidai bakin zaure inda ba mai shiga sai ya yi tuntuɓe da ni, na shirya fuska. Sai mutum ya zo ya jefo mini "ya haƙuri" a tsaye kamar yana gaida maigadi, ya wuce ciki ya durƙusa gaban taubashina, ɗan kawuna, ya kama masa hannu biyu, ya ce kai ne ka yi rashi, kai ne ɗan gidanta, a hannunka ta cika. Har da masu shafa masa kai, ƙato da gemu. Shi kuwa yana zaune shiru kamar buhun gero, ko kukan ma bai iya ba. Ni da na iya kuka mai sauti, mai hawa da sauka, ba wanda ya saurara.

Inna ta ce tunda ni ne mai baki a gidan, in rubuta wani abu kada jikokin jikoki su manta da uwarta. To ga shi ina rubutawa. Amma ƙara na kawo, gara in faɗa tun yanzu. Tsohuwar nan ta fi son taubashina a kaina, Allahnta ma haka, kuma su biyun babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya gaya mini dalili.

Kaka 'yar ƙarama ce, iska mai ƙarfi tana iya sauya mata unguwa. Idanunta kullum jajaye saboda hayaƙi, don tun kafin a haifi Inna take banda. Idan ta shigo coci, kafin ka gan ta ka ji ta, ƙamshin tarwaɗa ya riga ta zama a benci. Kamar kowace kaka, mu jikokinta maza duk mazajenta ne a bakin wasa. Amma ku ji yadda aka raba auren. Taubashina shi ne "angona". Ni kuwa "mijin da aka liƙa mini". Idan ta sauke tarwaɗa daga kan wayar banda, kan kifin, wanda kowa ya san nan daɗin yake, taubashina take miƙa wa. Ni wutsiya. Na tambaye ta dalili tun ina da gajeren wando har na fara aske gemu. Amsarta ɗaya ce, wai bakina ya riga ya cika da magana, ina zan sa kan kifi.

Wannan aƙalla amsa ce. Idan maganar Allah ce kuwa, ko wutsiyar ba ka samu.

Lokacin da na fara dillanci a kasuwa, abokaina Musulmi suka sa ni gaba da zolaya. Ba da faɗa ba, irin ta masu cin abinci a kwano ɗaya. Su ce kai da kake lissafin kwali ɗari a ka ba ka kuskure, yaya aka yi ka kasa gane uku ba ɗaya ba ce? Yaya wanda ya yi sama da ƙasa zai zama jariri a goye? Ni kuma ba na son a kayar da ni a magana, gara a kayar da ni a kokawa. Na tafi gida takanas wajen Kaka, don ita ce ta fi kowa daɗewa a wannan hanya, tun da mijinta ya dawo gida da addinin daga wajen neman magani a asibitin mishan. Na ce ta ba ni amsa mai kaifi wadda zan je in yanka su da ita.

Tana juya kifi, ko kallona ba ta yi ba, ta ce ba ta sani ba.

Na ce shekara nawa kina durƙuso, gwiwarki ta yi kanta kamar ta raƙumi, ki ce ba ki sani ba? Ta ce ta san Uba ya yi ta, ta san Yesu ya mutu dominta ya tashi, ta san Ruhu yana riƙe da ita, kuma ta san Allah ɗaya ne. Yadda aka yi haka ta kasance kuwa, ba a kira ta shawara ba. Na ce to ai wannan abin kunya ne. Sai ta ajiye sandar juya kifin.

"Kai mijin da aka liƙa mini, na gane kifi, na gane wuta, kai ma na gane ka sarai. Ka taɓa ganin na durƙusa wa ɗayanku? Abin da na gane ba na durƙusa masa."

Na koma kasuwa hannu wofi. Da abokaina suka taso, na ce musu kakata ta ce ba a kira ta shawara ba. Suka yi dariya har ɗaya ya faɗa cikin kwandon kwaɗi, wani dattijo a cikinsu ya ce ai su ma malamansu sukan kai wani wuri su ce Allah ne masani, a bar yaro ya sha iska. Aka bar ni. Amma ba haka na so ba, ni nasara na je nema.

Yanzu ku dubi taubashina. Mutumin nan tun da aka haife shi bai taɓa tambayar kowa komai ba, ko hanya. A coci, da fasto ya buɗe baki shi kuma ya rufe ido. Minsharinsa har ya san inda ake cewa amin. Ni kuwa ni ne mai ɗaukar benci, ni ne mai share ƙasa, ni ne mai ɗaga hannu da tambaya har fasto ya fara duba agogo. Na kai ƙararsa wajen Kaka, na ce angonki barci yake a gaban Allah. Ta ce ai wanda ya iya barci a gaban wani ya yarda da shi ke nan. Ni kuwa, in ji ta, ina zama ido biyu ina kallon Allah kamar baƙon ɗan kasuwa da nake tsoron ya sa mini ruɓaɓɓe a ƙasan kwali.

Kun ji fa. Barci ya zama ibada, hidima ta zama rashin yarda. A wace kotu ake yin haka?

Da asuba takan yi addu'a a bayan ɗakinta, kusa da murhun banda, kuma da ƙarfi take yi don kunnenta ya yi nauyi, tana zaton na Allah ma haka. Kowa a gidan yana ji. Takan bi mu ɗaya bayan ɗaya. Idan ta zo kan taubashina sai ta baje kaya. A tsare masa ƙafa daga ƙaya, a tsare masa ciki, a ba shi mata mai haƙuri, a sa kifi ya ga komarsa ya so ta, har tarin da ya yi shekaranjiya sai ta ambata. Ina kwance ina jiran layina. Idan ta iso kaina sai ta ja numfashi, ta ce, "Wannan kuma, kai ka yi shi, kai ka san abin da ka nufa." Shi ke nan, ta wuce kan awaki. Awakin ma sun fi ni samun bayani.

Rigimarmu babba ta zo ne shekarar da ruwa ya ci fadama. Kawu ya raba mana gonar shinkafa ni da taubashina, ya ce kowa ya zaɓa. Ni na yi sammako na kama ƙasa-ƙasa, inda laka take baƙa mai maiƙo, inda shinkafa ke fita kamar ana jan ta da igiya. Ban yi da ka ba. Na je na duba jikin itatuwan bakin fadama inda ruwan bara da na bara waccan suka bar zane, na ga iyakarsa, na ɗaga jinga ta wuce zanen da kamu guda. Na sare ciyawar kacalar da ta toshe hanyar ruwa har hannuna ya yi ƙulu-ƙulu. Na yi azumi, na kai buhun farko na tsohuwar shinkafata coci tun ba a tambaya ba. Wato ta ƙasa na toshe, ta sama ma na toshe. Taubashina kuwa ya makara, kamar kullum, ya tarar saura gefen tudu, busasshen wuri da ko jaki ba ya tsayawa. Ya watsa iri kamar mai ba kaji, ya koma gindin bishiya.

Ku da ba 'yan nan ba ne ba ku san ruwanmu ba. Ba ya jiran hadari. Sama tana fes, rana tana dukan ƙeya, sai ka ga ruwa ya taho daga yamma, ruwan da aka yi a garuruwan da ba ka taɓa zuwa ba, a kan mutanen da ba su san sunanka ba. Haka ya zo. Ya haye zanen bara, ya haye na bara waccan, ya haye jingata ko sallama babu. Shinkafata ta fara fitar da kai, na tsaya a kwale-kwale ina leƙen ta a ƙarƙashin ruwa tana kaɗa mini hannu. Ruwan nan ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya, sai da ya kai daidai bakin gonar taubashina ya tsaya cak, ya jiƙa masa ita daidai yadda shinkafa ke so, kamar an ɗauke shi aikin ban ruwa. A shekarar nan mutumin ya yi shinkafar da sai da aka ari jakuna. Tsuntsayen jan-baki ma da suka zo, gonar maƙwabcinsa suka sauka.

Na je wajen Kaka da laka har cinya. Ban gaishe ta ba. Na ce yau sai ta gaya mini abin da na yi wa Allahnta. Na lissafa mata benci, na lissafa azumi, na lissafa jinga. Na ce idan barci yake so a gaya mini, ni ma na iya, har da minshari. Na ce ko dai addu'arki ce, kin tura masa duka kin bar ni da "kai ka sani". Ta bar ni na gama, wanda ya ɗauki lokaci. Sannan ta ce ba ta san dalili ba.

Na ce ƙarya ne, ta sani, tana rufa masa asiri ne.

Ban taɓa ganin ta fusata irin ta ranar ba. Ta miƙe, duk tsawonta bai wuce ƙirjina ba, ta ce 'ya'yan da ta binne sun fi waɗanda ta aurar. Ta ce akwai wanda ta haifa da safe ta binne da yamma, akwai wanda ya girma har ya fara zuwa su, ruwan nan da nake zagi ya karɓe shi. Ta ce kowane ɗaya ta tambayi dalili, da kuka, da zagi ma, ba a ba ta ba. Ta ce fastoci sun ba ta dalilai, maƙwabta sun ba ta dalilai, duk ta auna ba wanda ya kai nauyin ɗa guda.

"Da a ba ni ƙaramin dalili gara a bar ni da babban Allah. Shi ma ya ga Ɗansa a rataye, ya san abin. Wannan ya ishe ni. Kai kuma shinkafa ce, je ka wanke ƙafarka."

Na yi fushi na koma Haɗeja, na daina zuwa gida har aka gama girbi. Da na dawo na tarar da buhunan shinkafa a ɗakina. Ita ta sa taubashina ya kawo, ya kuma kawo ba musu, ba gori, ko kallon "ka gani" bai yi mini ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Mutum ya ci ka da yaƙi, kuma ya ƙi yin fahariya ka samu abin riƙewa. Na ci shinkafar, tana da daɗi, ban yafe ba.

A ruwan nan ne jikan ƙawarta, tsohuwar nan da na ambata, ya tafi. Yaro ne ya bi akuya bakin gaɓa. Mutane suka cika gidan, kowa da bayaninsa. Wani ya ce sakaci ne, wani ya ce kwana ne ya ƙare, wata ta ce mutanen ruwa ne. Kaka ta shiga ta zauna kusa da ƙawarta, ta kama ƙafarta tana matsawa, ba ta ce uffan ba daga hantsi har la'asar. Haka ta yi ta zuwa kullum da ƙwaryar kunu har aka share makoki. Duk wanda ya shigo da "ai abin da ya sa", sai ta nuna masa ƙofa da haɓa. Daga baya ƙawar take gaya wa Inna, duk garin mutum ɗaya ce ta yi mata gaisuwa, wadda ba ta ce komai ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita bana, na ce to yanzu za a ga ɗan halak. Na bar kasuwa, na bar kwalayen mutane, na tare a ɗakinta. Ni ne mai ɗaga ta, ni ne mai ba ta kunu a cokali, ni ne mai kore ƙuda. Taubashina yakan leƙo ya zauna a bakin ƙofa ya yi shirunsa ya tafi. Ni kuwa labari nake ba ta ba tsayawa. Na ba ta labarin tarwaɗar da muka kama sai da aka ɗaure ta a bayan mota kamar saniya. Na ba ta na direban da ya sayi kwaɗi yana zaton 'yan shila ne. Tana kwance ƙashi da fata, amma tana dariya har tari ya sarƙe ta, Inna ta shigo ta kore ni, in zagaya in dawo ta taga. Duk lokacin da ta lumshe ido ta yi nisa, sai in ce Kaka tsaya, ba ki ji ƙarshensa ba, sai ta buɗe. Na taɓa tambayar ta ko tana tsoro. Ta ce kaɗan, irin na amaryar da ba ta taɓa ganin ɗakin ba amma ta san mai ɗakin. Na ce to idan kin je ki tambayar mini maganar shinkafata. Ta ce idan ta gan shi ba ta jin za ta tuna da ni.

A raina na ce komai dai, wannan karon ni ne a wurin. Kan kifi ya wuce ni, addu'a ta wuce ni, ruwa ya zaɓi wanda ya zaɓa, amma hannun da za ta riƙe a ƙarshe nawa ne. Na biya da bayana da barcina.

Ranar kasuwa aka aiko wai motar 'yan kudu ta iso, masu kaya suna nema na, ba mai iya ciniki da su sai ni. Na duba Kaka, ta sha kunu, har ta zage ni, alamar sauƙi ke nan. Na ce wa taubashina ya zauna mata in je in dawo kafin la'asar. Ban gama sauke kwalin farko ba waya ta yi ƙara.

Shi ya sa kuka ga ana shafa masa kai.

Bayan an watse daga makoki, aka naɗe tabarmin aro, muka rage mu biyu a gindin tsamiya. Na ce yau sai na fashe. Na ce masa ni na yi jinya, shi ya zo ya ɗauki ƙarshe, kamar yadda ya saba. Na ce wannan wane irin Allah ne da zai bar ni in yi makonni a ɗaki, sannan ya zaɓi rabin yinin da ba na nan? Na ce ko a kasuwa wanda ya yi dakon kaya shi ake sallama. Na ce ta tafi ba ta gaya mini dalilin komai ba, shi ma na sama ya yi gum, kai kuma ga ka nan kamar turmi. Na yi ta yi har murya ta dushe, ina jiran ya yi shirun nan nasa in ƙara jin haushi.

Sai ya ɗago kai. Idanunsa sun yi ja kamar nata. A iya sanina wannan ne karo na farko da ya haɗa magana mai tsawo haka.

"Tun yaushe matar nan take son tafiya, kai ka hana ta da surutu. Kana ɗakin ba ta iya bari. Kana fita ta tambaya ko ka yi nisa, na ce ka hau mota, ta juya ta tafi, ni ko sallama ba ta yi mini ba. Idan wannan kake kishi, zo ka karɓa, na ba ka kyauta."